A daina ce wa mai hawan jini ya je ya kwanta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata shawara da ta zama ruwan dare a gidajenmu. Da kyakkyawar niyya muke ba juna ita, amma cutarwarta ta fi amfaninta. Da zarar an auna magidanci an ce jininsa ya hau, sai gida ya ɗauka: Alhaji kar ka wahalar da kanka, Hajiya ki zauna yara su yi. A kawo masa buta har inda yake, a shimfiɗa masa darduma a gefen gado, ko bakin titi a hana shi zuwa. Ni tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce. Na yi aiki a ɗakin maza da na mata har na yi ritaya, yanzu kuma ina da ɗan kyamis kusa da wata tashar mota a nan Kano, inda nake auna wa mutane jini. Abin da na'urar nan ke nuna mini kullum shi ya sa na ɗauki biro.

Yawancin masu miƙo mini hannu direbobin dogon zango ne. Mutum ya tashi daga Kano bai sauka daga kujera ba sai Legas ko Fatakwal, in ban da tsayawar salla da shan mai. Goro a baki, lemon gwangwani mai hana barci a gefe, wani har da taba. Tsakar dare ya ci shinkafa da mai ya koma kan sitiyari. In ya dawo tasha kuma sai benci, yana jiran layinsa ya zo, wani lokaci kwana biyu. Sai ka ga ɗan shekara arba'in da 'yan kai, na'ura ta nuna 170 bisa 100, yana dariya yana cewa, "Hajiya, ni fa garau nake jin kaina." Haka hawan jini yake, ba ya sallama. Yaron motarsa kuwa, mai hawa saman mota ya ɗaure kaya, ya sauko ya kira fasinja, ya canja taya, ba kasafai nake ganin irin wannan lambar a hannunsa ba. Wani zai ce ai yaron mota yaro ne, shekaru ne suka raba su. Gaskiya ne. Sai dai akwai inda aka yi wannan gwajin tsakanin tsara da tsara.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ciwon zuciya ya addabi magidanta a Ingila, likitoci kuma ba su gano bakin zaren ba. Wani likita mai suna Jeremy Morris ya dubi bas-bas ɗin birnin Landan, irin masu benen nan, ya lura cewa a kowace mota akwai mutum biyu masu aiki a kamfani ɗaya, a kan hanya ɗaya, rayuwarsu kusan iri ɗaya. Direba na zaune kusan duk tsawon aikinsa. Kwandasta kuwa hawa yake yana sauka yana karɓar kuɗi, har ya taka matakala 500 zuwa 750 a wuni. Morris da abokan aikinsa suka bi bayanan lafiyar ma'aikata kusan 31,000, suka buga abin da suka gano a mujallar likitoci ta Lancet a 1953. Ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma in ya kama su ya fi saurin kisa, don mutuwar farat ɗaya a cikinsu ta kusan ninka ta kwandastoci. Da ya leƙa gidan waya ma haka ya tarar tsakanin masu yawon raba wasiƙu da akawuna masu zaman tebur.

Masu ja da shi suka ce ai dama masu teɓa ne ke zaɓar tuƙi. Sai ya je ya nemo awon wandunan yunifom da kamfanin ke raba wa ma'aikata, dabarar da har yau take burge ni. Ya tarar da gaske ƙugun direbobi ya fi faɗi. Amma ko an jera siririn direba da siririn kwandasta, ko mai jiki da mai jiki, kwandasta ne ke da rangwame. Na kawo zancen wandon nan ne saboda masu ce mini su ba su da ƙiba, don haka babu ruwansu da wannan magana. Akwai ruwansu. Shi kansa Morris bai bar motsa jiki ba har tsufa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Manyan tsokokin jiki a cinya da ɗuwawu da sharaɓa suke, kuma su ne suka fi zuƙe suga da kitsen da abinci ke zubawa a cikin jini. In suna aiki suna zuƙa. In mutum ya zauna awa huɗu, biyar, sai su yi lamo, suga da kitse su yi ta yawo a jijiyoyi, jiki ya yi ta ƙara insulin, wato sinadarin da ke shigar da suga cikin tsoka, har tsokar ta daina jin maganarsa, daga nan ciwon suga ya samu ƙofa. Sharaɓa kuma ita ke matso jini daga ƙafa ya koma sama, shi ya sa ƙafar matafiyi ke kumbura in ya daɗe a mota. Su ma jijiyoyin jini, gudun jinin da tafiya ke jawowa shi ke sa su saki, su yi laushi. In babu shi sai su yi tauri, su tsuke, zuciya ta koma harba jini da ƙarfin tsiya, har naman ta ya yi kauri, daga baya ya gaji. Ranar da wata jijiya ta toshe a zuciya ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, sai a ce ai jiya-jiya muka yi salla tare da shi. In ɓarin jiki ne ya shanye kuma, a ce iska ce ta shafe shi, a yi ta turare ana ɓata awannin da ya kamata a ce yana asibiti.

Kwanciyar da muke tura mutane kuwa, an taɓa auna abin da take yi. A 1966, a birnin Dalas na Amurka, aka ɗauki samari biyar lafiyayyu 'yan shekara 20, aka kwantar da su a gado mako uku ba tashi. Ƙarfin zuciyarsu da huhunsu ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Aka sa su atisaye suka farfaɗo. Bayan shekara 30 aka sake kiran mutanen nan biyar aka gwada su, sai ga shi tsufan shekara 30 bai rage musu ƙarfi kamar yadda kwanciyar mako ukun nan ta rage ba. Likitocin Turai da Amurka ma a da sukan kwantar da wanda ya samu bugun zuciya mako shida cur. Tun a 1952 wasu likitoci biyu a Boston, Samuel Levine da Bernard Lown, suka nuna cewa tayar da mara lafiya a zaunar da shi a kujera ya fi masa, daga nan aka ci gaba har aka kai ga sa shi tattaki cikin 'yan kwanaki. Su sun bar wannan ra'ayi tun kafin a haifi da yawa daga cikinmu, mu kuma muna nan muna riƙe da shi.

Abin da ya fi ci mini rai, Malam Edita, shi ne mun mayar da zama alamar girma. Kakanninmu daga Kura ko Gezawa da ƙafa suke shigowa kasuwar Kurmi. Ban ce mu koma can ba, wahala ce, kuma babu mai son ta. Amma dubi inda muka tsaya. Acaɓa ta koya mana cewa tafiyar minti goma hasara ce. Da aka hana ta ɗaukar fasinja a Kano a watan Janairun 2013, Adaidaita Sahu ta ɗora daga inda ta tsaya, ga kuma ɗan babur a kowane zaure. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko Singa zai buɗe shago da hantsi, ya hau kan dila ko kujera, yaro ya kawo shayi, yaro ya kawo abinci, yaro ya sauko da atamfa, yaro ya kai kuɗi banki, yanzu ma da waya ake turawa. La'asar sakaliya ya shiga mota, ya sauka a majalisa ya zauna har Isha, ya shiga gida ya zauna gaban talabijin. In ka lissafa, mutumin nan bai yi tafiyar minti goma sha biyar ba a wunin, amma in ka tambaye shi zai ce ya gaji tiɓis. Ya kuwa gaji, sai dai gajiyar kai ce da ta baki. In kuma wani mai rufin asiri ya yi ƙarfin hali ya fito yana takawa, kafin ya kai kwanar layi mota uku sun tsaya: "Alhaji lafiya? Ina motar? Shigo in rage maka hanya." Washegari labari ya zaga cewa kasuwa ta juya masa baya.

Na mata ya fi wannan. Iyayenmu sun yi daka, sun yi surfe, sun yi niƙa a dutse, sun ja guga. Injin markaɗe da famfo sun ɗauke mana wannan, alhamdu lillahi, ni ma ba na kewar taɓarya. Amma ba mu sa komai a gurbinsu ba. Mace da ta aurar da 'ya ɗaya ta zama Hajiya Babba, aikinta daga kujera zuwa gado, waya a hannu, 'yar aiki ko jika na miƙo mata ko da kofin ruwa ne. Lokacin nan kuwa, wato bayan ɗaukewar al'ada, shi ne lokacin da kariyar da jikin mace ke da ita daga ciwon zuciya ke ja da baya. Sai gwiwa ta fara ciwo, sai a ce ta rage motsi, sai cinya ta ƙara saki, gwiwar ta ƙara ciwo. Mata da yawa da suka zo mini sun fara gane halin da suke ciki ne a Makka. Tsakanin Safa da Marwa kimanin mita 450 ne, sau bakwai ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi, ban da zuwa jifa. Mace 'yar shekara hamsin, babu wata cuta da aka sani, ta ƙare a keken guragu ana tura ta, ta dawo tana cewa ashe haka na lalace.

Kada a ɗauka wannan ciwon Turawa ne ko na masu kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17 da dubu 900, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk mace-macen duniya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan a ƙasashe irin namu ne, masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici. A Najeriya kusan uku cikin kowane manya goma na da hawan jini, da yawa ba su ma sani ba. Hukumar ta kuma ce a 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan duniya ba sa motsa jiki gwargwadon da ake buƙata.

Gwargwadon nan ba wani tashin hankali ba ne. Ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2020 ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, wato rabin awa a kwana biyar ya kai ka ƙofar shiga, sai kuma wani aiki mai ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Matsakaici yadda nake gwada wa direbobi shi ne tafiyar wanda ya ji an ta da iƙama yana daga nesa: numfashi ya ɗan ɗaga, jiki ya yi ɗumi, yana iya amsa gaisuwa amma ba zai iya jan dogon zance ba. Ba sai an sayi kayan Adidas an je filin wasa na Ƙofar Mata ba, kuma ba dole ne a yi shi a zama ɗaya ba, minti goma nan, minti goma can duk lissafi ne. Ga mai hawan jini, irin wannan tafiyar in an ɗore tana sauke lambar sama ta awon jini da kamar maki 5 zuwa 8, abin da ya kusa aikin ƙwayar magani ɗaya. Masu duba waya suna baƙin ciki don ba su cika taku 10,000 ba su kwantar da hankali. Wannan lambar daga tallar wata na'urar ƙirga taku ta fito a Japan a 1965. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2019 a kan tsofaffin mata fiye da 16,000 ya nuna cewa masu taku 4,400 a rana ma sun fi masu 2,700 tsawon rai, kuma amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500.

Sai dai akwai wata gaɓa da masu zuwa atisayen ranar Asabar ba sa son ji. Zaman kansa yana da nasa lissafi daban. A 2016 an haɗa bayanan mutum fiye da miliyan ɗaya, aka ga cewa mai zaman awa takwas a rana sai ya yi motsin minti 60 zuwa 75 kullum kafin ya goge haɗarin zaman nan. Wa ke da wannan lokacin a cikinmu? Abin da ya fi sauƙi shi ne a riƙa yanka zaman. A wani ɗan gwaji da aka yi a Jami'ar Kolombiya ta Amurka a 2023, na mutum 11 ne kacal, don haka ba na ɗora masa kaya da yawa, tattakin minti biyar bayan kowane rabin awa ya rage hauhawar suga bayan cin abinci da fiye da rabi, ya kuma sauke jini da maki 4 zuwa 5. Mai shago ya tashi ya sauko da kayan da kansa. Tela ya miƙe bayan kowace riga. Ma'aikacin ofis ya taka ya kai fayil ɗin, masinja ba zai mutu da yunwa ba. Direba in ya tsaya shan mai ya zaga motarsa ya duba tayoyi da idonsa. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Mu da ake kira sau biyar a rana ma ai an riga an yanka mana zaman. Ban zama malama ba, amma abin da aka karantar da mu a Islamiyya ne cewa kowane taku zuwa masallaci yana ɗaga daraja yana kankare zunubi. Da mutanen ƙabilar Banu Salima suka so tasowa su dawo kusa da masallacin Madina, Annabi (SAW) ya ce su zauna a gidajensu, ana rubuta musu sawunsu. Shi da kansa yakan je Ƙuba duk Asabar, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a kan abin hawa. Yau kowane mai hali ya gina masallaci manne da katangar gidansa, taku goma ya isa sahu, Juma'a kuma a cika titi da motoci har a rasa wurin shimfiɗa darduma. Da limamanmu za su riƙa tsoma wannan a huɗuba, sun fi ni da na'urata tasiri nesa ba kusa ba.

Wani zai ce to ɗan dako da mai turin ruwa da manomi sun tsira ke nan. Ba haka ba ne, kuma ba na so a karanta wasiƙata a ce na ce wahala magani ce. Wani babban bincike a Denmark a kan mutum fiye da 100,000, wanda aka buga a 2021, ya nuna cewa motsin da mutum ke yi don kansa yana rage haɗarin ciwon zuciya, amma aikin ƙarfi na wuni guda, ɗaukar nauyi ba hutu, bai ba da wannan kariyar ba. Buhu a ka daga safe zuwa yamma ɗaga jini yake ya bar shi a sama. Na sha auna 'yan dako na ga lambar da ta tsorata ni. Su abin da suke buƙata awo ne, da hutu tsakanin lodi, da rage gishiri. Zancen gishiri kuwa ya shafi kowa: abin da aka yarje wa babba a wuni bai kai giram biyar ba, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin dunƙulen da muke jefawa huɗu-huɗu a tukunya da wanda ke cikin yaji.

Kada kuma wani ya ajiye maganinsa ya ce tsohuwar nas ta ce tafiya ta isa. Ba ta isa ba. Wanda aka ɗora a kan magani ya ci gaba da sha, tafiyar ƙari ce, likitansa ne kaɗai zai rage masa in ya ga jinin ya sauka. Wanda lambarsa ta kai 180 bisa 110, ko yake jin nauyi a ƙirji mai sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ko yake haki daga ɗan motsi kaɗan, ko ƙafafunsa ke kumbura, ko jiri ke ɗibarsa, wannan ya fara ganin likita kafin ya fara komai. Akwai masu ciwon zuciyar da likita zai ce su kwanta na ɗan lokaci, amma likitan ne zai faɗa, ba surukai ba. Sauran mutane su fara da minti goma, su riƙa ƙarawa mako-mako. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, bayan Asuba ne lokacinta ko gab da Magariba, da ruwa a hannu. Da hunturu a rufe hanci. Macen da fita ke mata wuya, tsakar gida ma fili ne, ta zaga shi da carbinta, ko ta haɗa kai da maƙwabta su taka zuwa Islamiyya maimakon cika Adaidaita. Maigida kuma, don Allah, ya bar ta.

Roƙona ga masu yi mana tituna shi ne su tuna da mai ƙafa. Ana zuba gadoji na biliyoyi, amma gefen titin da mutum zai bi ko dai babu shi, ko masu tireda da bola da motocin da aka ajiye sun cinye shi, ko kwalbati ne a buɗe. Ba zan iya ce wa dattijuwa ta fita tattaki a inda sai ta yi kokawa da Adaidaita ba. Shugabannin tasha su ma suna da abin yi: cikin kuɗin da ake karɓa a kan kowane lodi a sayi na'urar awon jini guda a ajiye a ofishin ƙungiya, a koya wa mutum biyu yadda ake ɗaura ta, a riƙa auna direba kafin ya ɗauki rayuka goma sha takwas ya kama hanya. Kai kuma, Malam Edita, ranar 17 ga Mayu ce ranar hawan jini ta duniya, 29 ga Satumba ta zuciya. Ka tura ɗaya daga cikin wakilanka tasha ko kasuwa tare da ma'aikacin lafiya, su auna duk wanda ya yarda, su tambaye shi awa nawa yake zaune a wuni, ku buga mana abin da suka samo.

Wassalam.

Daga mai karanta jaridarku,
tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Kano.